Likita Ya Nemi Tafiya Nesa Don Ƙwarewa, Mahaifi Ya Hana: Ina Mafita?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci cuta, Ya kuma halicci maganinta, Ya sanar da wanda Ya so daga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu dakata da bayanin da muke yi a kan hukunce-hukuncen ciniki, domin wata mas'ala da ta taso wadda muka ga ba ta jiran lokaci. Wani dattijo attajiri daga ƙasar Makarfi, mai fataucin rake da barkono, ya same mu bayan sallar La'asar, ransa a ɓace. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ɗana ya gama karatun likita a Zariya, ya yi shekarar koyon aiki, ya yi bautar ƙasa. Muna murna wahala ta ƙare, sai ya zo mini da takarda wai wani asibiti a can ƙasar Yarabawa ya kira shi ganawa, zai ƙara shekaru yana koyon abin da ya kira likitancin iyali. Na ce ban yarda ba. Uwarsa kuwa tun ranar ba ta bar kuka ba. Shi kuma ya ce ba zai tafi ba sai da izinina, amma ya daina walwala. Shin na yi laifi?"

Muka tambaye shi dalilansa, sai ya kawo uku. Na farko, nisa, ga shi shekaru sun ja, ga Shika a bayan ɗaki. Na biyu, tsoron addinin yaron da tarbiyyarsa a baƙuwar ƙasa. Na uku, ya ji an ce likitan iyali ƙaramin likita ne, in ma za a sha wuyar, gara a sha ta a kan fiɗa ko ciwon zuciya. Da yake mun san ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba, a Ikara da Kudan da Hunkuyi akwai gidaje da yawa da 'ya'yansu suka kai wannan mataki, mun ga ya dace mu shimfiɗa amsar a nan don amfanin kowa.

Yadda Likita Yake Zama Ƙwararre

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san siffarsa. Saboda haka sai mu fara da bayanin yadda al'amarin yake. Ɗalibi yakan yi shekara shida a jami'a kafin a ba shi digirin likita. Daga nan sai ya yi shekara guda a asibiti a ƙarƙashin manyan likitoci yana sanin makamar aiki, sa'an nan Majalisar Likitoci ta ƙasa ta yi masa cikakkiyar rajista. Sai shekarar bautar ƙasa, wadda aka fara tun 1973. Wanda ya tsaya a nan likita ne, ba shakka, yana duba marasa lafiya, amma bai zama ƙwararre a wani fanni ba.

Mai son ƙwarewa a likitancin iyali sai ya bi ta hannun ɗaya daga cikin kwalejoji biyu. Akwai Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979, hedkwatarta tana Ijanikin a Ikko, akwai kuma Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma wadda aka kafa a 1976. Zai fara cin jarrabawar share fage. In ya ci, sai ya nemi gurbi a wani asibitin da kwalejin ta amince da shi a wannan fanni, ya zauna can yana aiki dare da rana yana karatu, ana biyansa albashi. Bayan shekara biyu ko uku ya zauna jarrabawar kashi na ɗaya, bayan wasu shekarun kuma ya rubuta kundin bincike ya zauna ta kashi na biyu. Duka-duka abin yakan ci shekara huɗu zuwa shida, in ba a sami tsaiko ba.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Kwalejin ita ke ƙayyade wa kowane asibiti yawan waɗanda zai horar, gwargwadon yawan manyan likitocinsa da kayan aikinsa. Ba kowace shekara kowane asibiti yake ɗauka ba, kuma in ya yi shela, masu nema sun ninka guraben. Jarrabawar share fagen nan kuma tana da wa'adi, in mutum ya zauna jiran gurbi a kusa da gida har wa'adin ya wuce, sai ya sake ta. Wannan shi ya sa likita mai hankali yakan aika takardunsa wurare da dama: Shika, da Asibitin Malam Aminu Kano, da Sakkwato, da Jos, da Ilori, da Badun, har gaba da nan. Inda aka kira shi nan ne rabonsa yake. Ashe ke nan yaron Alhaji bai guji gida ba, inda ƙofa ta buɗe ya nufa.

Wane Ne Likitan Iyali?

Game da cewa wai ƙaramin likita ne, wannan magana ce ta wanda bai san aikin ba. Likitan iyali yakan yi shekarun horo da jarrabawa irin na sauran ƙwararru, kuma matsayinsa a aikin gwamnati ɗaya ne da nasu. Bambancin shi ne, sauran kowa ya ɗauki gaɓa guda ko rukunin mutane guda, wannan ido, wancan ƙashi, wancan yara. Shi kuwa an horar da shi ya karɓi duk wanda ya shigo ƙofar asibiti, jariri ko tsoho, mace ko namiji, tun ba a san abin da ke damunsa ba. A lokacin horonsa yakan zaga sashen yara da na haihuwa da na fiɗa da na cututtukan manya da na taɓin hankali da na ido da kunne, akan kuma tura shi asibitin karkara ya zauna.

Ku dubi abin da ke kai mutanenmu asibitin Ikara ko na Makarfi ko na Hunkuyi: zazzaɓin cizon sauro da damina, gudawa da tamowa ga yara, naƙuda mai tsawo da jijjiga da zubar jini ga mata, hawan jini da ciwon sukari ga dattawa, amosanin jini, tarin fuka, ƙaba, da waɗanda suka yi haɗari a hanyar Zariya zuwa Kano. Asibitin ƙaramar hukuma ba zai iya ajiye ƙwararre goma, kowa da fanninsa ba. Abin da yake bukata shi ne mutum guda da zai iya tsayawa a kan mafi yawan waɗannan, ya yi wa mai naƙuda fiɗa cikin dare in ta kama, ya kuma san lokacin da ya wajaba a ɗauki majiyyaci a garzaya da shi Shika ba da ɓata lokaci ba. Ya san gidan, ya san uban yana da hawan jini, ya gargaɗi 'ya'yan tun da wuri, rigakafi kuwa ya fi magani.

Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta yarda cewa tushen kiwon lafiya yana matakin farko, kusa da jama'a. A nan gida ma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, lokacin da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, a kan wannan ya tsaya. Muna da makarantar horar da ma'aikatan lafiya a Makarfi wadda ta yaye ɗaruruwan 'ya'yanmu masu aiki a ƙananan asibitoci. Waɗannan bayin Allah suna bukatar ƙwararren likita a kusa da su wanda za su miƙa wa abin da ya fi ƙarfinsu, likitan iyali kuwa shi aka yi domin wannan gurbi.

Yana da kyau mu faɗi gaskiya kuma, cewa horon wannan fanni a Nijeriya ya fara kafuwa ne a farkon shekarun 1980, kuma asibitocin mishan irin na Ogbomosho da na Jos suna cikin waɗanda suka fara shi. Sun riga mu, domin sun daɗe suna aiki a inda likita ɗaya yake ɗaukar komai. Wanda ya riga ka sanin abu, wurinsa za ka je ka koya.

Matsayin Ilmin Likita A Shari'a

Malamai sun kasa ilmi gida biyu. Akwai farilla ta aini, wadda ta hau kan kowane baligi, kamar sanin tsarki da salla. Akwai kuma farilla ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita gwargwadon bukata ta faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bar ta, jama'a duka sun yi laifi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya sanya likitanci a sahun gaba na wannan kashi na biyu a cikin Ihya'u, har ya koka da yadda a zamaninsa ake samun garuruwan Musulmi babu likita Musulmi ko ɗaya, alhali mutane sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi rubuce-rubuce a kan magani da lafiyar jiki, ba su ɗauke shi abin da ke wajen addini ba.

Shari'a kuma ba ta tsaya ga a sami likita kawai ba, ta nemi a sami wanda ya iya. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to, ramuwar ɓarnar da ya yi tana wuyansa. A shekara ta 319 bayan Hijira, watau 931, da wani majiyyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin aikin sai Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi ya ba shi izini. A wannan zamani ne kuma waziri Aliyu ɗan Isa ya rubuta wa Sinanu ya tura likitoci da akwatunan magani su riƙa zaga ƙauyukan Iraƙi, saboda ya tuna cewa mutanen karkara suna ciwo ba mai duba su. Ku duba, jarraba likita da kai likita ƙauye, duka biyu magabatanmu sun yi su fiye da shekara dubu da suka wuce.

Tafiya Don Neman Ilmi

Amma batun nisa, ai tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma sunna ce ta Annabawa da malamai. Allah Ya ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a cikin Suratul Kahfi, yadda ya ɗauki guzuri ya yi tafiya har ya gaji domin ya koyi abin da ba shi da shi a wurin wani bawan Allah. Sahabi Jabiru ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham saboda hadisi ɗaya. Littattafan mazhabarmu ma da tafiya suka iso mu: Yahaya ɗan Yahaya daga Andalus ya taso ya riski Imamu Malik a Madina, Sahnunu kuwa daga Ƙairawan ya tafi Masar wurin Ibnul Ƙasim, daga nan aka sami Mudawwana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas. A fagen likitanci, Ibnun Nafis, wanda ya yi bayanin yadda jini yake bi ta huhu, a Dimashƙa ya yi karatu, a Alƙahira ya yi aiki har ya rasu a 1288.

A ƙasarmu ta Zazzau ma haka abin yake. Likita Barau Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewa, sai da ya je Birmingham a Ingila. Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, ya yi karatu a Badun da Ingila, ya dawo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a zamaninsa ne kuma aka buɗe makarantar likita ta Zariya a 1967. Da waɗancan ba su yi nisa ba, da ɗan Alhaji bai sami makarantar da ya yi karatu a kusa da gida ba.

Mun kuma tuna wa Alhaji cewa kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja da jakuna, su yi watanni ba a ji ɗuriyarsu ba. Shi kansa motocinsa suna sauke kaya a Ikko, yana da masauki a Sabon Badun. In mun yarda ɗa ya yi nisa domin ribar barkono, da wane dalili za mu hana shi nisa domin ilmin da zai ceci rayuka?

Akwai ma fa'ida a cikin barin inda aka yi karatu. Wanda ya zauna wuri ɗaya tun yana ɗalibi, hannun malamai ɗaya ya sani, kuma su ma kullum kallon yaro suke yi masa. In ya fita zai ga wata hanyar tsara asibiti, ya ga cututtukan da ba su yawaita a nan ba, ya kuma ɗanɗana zama baƙo wanda ba ya jin harshen majiyyacinsa. Ranar da ya dawo, Bafillatanar da ta zo daga ruga ba ta jin Hausa sosai za ta same shi mai haƙuri.

Haƙƙin Iyaye

Duk da haka, kada matasa su ɗauki wannan bayani su mai da shi sanda. Haƙƙin iyaye babba ne. Wani mutum ya zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana neman izinin fita jihadi, da aka tabbatar iyayensa suna raye sai aka mayar da shi ya yi musu hidima. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa iyaye suna da ikon hana ɗansu tafiya zuwa farillar kifaya in tafiyar mai hatsari ce. Amma ilmin da jama'a ke bukata, wanda ɗa bai sami hanyar koyonsa a garinsu ba, in hanya da aminci, kuma tafiyarsa ba za ta bar iyayen cikin tozarta ba, to, bai kamata su hana shi ba.

Saboda haka mas'alar tana da fuska uku. Idan iyaye sun tsufa ko ba su da lafiya, kuma babu mai kula da su sai wannan ɗa, to, zamansa ya wajaba, ya yi haƙuri ya jira gurbi a kusa, Allah ba zai tozarta shi ba. Idan akwai gurbi a kusa da na nesa, kuma horon bai bambanta sosai ba, iyaye kuma sun fi son na kusa, to, ya bi son ransu, albarkar tana nan. Idan kuwa babu gurbi sai a nesa, ga 'yan'uwa masu kula da gida, hanin kuma bai wuce na kewa da tausayi ba, to, muna yi wa iyaye nasiha su sassauta, domin kewar gida ɗaya ba ta kai nauyin bukatar gari guda ba. Ɗan kuma ko a wannan hali kada ya fita da faɗa. Ya bi ta hannun kawunai da aminan mahaifinsa da limamin unguwa, har a sallame shi da addu'a.

Mai iyali kuma ya tuna matarsa tana da haƙƙi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ƙayyade wa mayaƙa 'yan watanni da ba za su wuce ba tare da sun dawo ga iyalansu ba. Shekara biyar ba wasa ba ce. In da hali ya tafi da ita, in babu, a yi shawara da ita a tsara zuwa da dawowa. Haka nan 'ya'yanmu mata likitoci. Kullum muna kukan matanmu ba su samun mace ta duba su, to, ba za a sami ƙwararriya ba sai wani uba ko wani miji ya ɗauki nauyin raka ta, ko ya nema mata amintaccen masauki da riƙo na mutunci. Wanda ya yi wannan yana da rabo a ladar duk macen da ta warke a hannunta.

Tsoron Addini

Game da tsoron da Alhaji yake yi wa addinin ɗansa, tsoro ne mai kyau, amma maganinsa shiri. Ƙasar Yarabawa cike take da Musulmi da masallatai da malamai, kuma da wuya ka sami babban gari a Kudu da babu unguwar Hausawa da limaminta. Tun kafin ya tafi a haɗa shi da mutumin kirki a can. Ya riƙe salla a kan lokaci gwargwadon yadda aiki ya bari, in yana tsakiyar ceton rai har lokacin zaɓi ya fita, ya yi ta da zarar ya sami sarari. Ya sani kuma shi ba matafiyi ba ne a can, tun da ya yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu sai ya cika salla, ƙasaru sai a kan hanya.

In asibitin na mabiya wani addini ne, wannan bai hana koyo ba. Ya zo a cikin Sunan na Abu Dawuda cewa Manzon Allah ya umarci a kai Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas wurin Harisu ɗan Kalada, likitan Saƙifa, saboda shi ne ya san aikin. Yaro ya girmama dokokin wurin, ya riƙe addininsa ba tare da husuma ba, ya duba kowane majiyyaci da ido ɗaya. Kyakkyawan halinsa shi ne wa'azinsa.

Nasiha Ga Mai Nema

Ga 'ya'yanmu masu shirin aika takardu, muna da 'yan kalmomi. Ka tabbatar asibitin da kake nema yana da amincewar kwaleji a fannin likitancin iyali, kuma amincewar ba ta ƙare ba, don kada ka yi shekaru a banza. Ka tambayi waɗanda suke can game da yawan manyan likitoci masu koyarwa, da masauki, da yadda ake biyan albashi. Tun da malaman can ba su san ka ba, takardar shaida daga malamanka na Zariya da shugabannin da ka yi aiki a ƙarƙashinsu ita ce fuskarka, saboda haka ka nemi ta wanda ya san aikinka da gaske. In an tambaye ka a wurin ganawa me ya kawo ka daga nesa, faɗi gaskiya, kada ka yi alkawarin zama har abada alhali niyyarka komawa gida.

Ka nisanci takardar ƙarya ta asalin jiha, ka nisanci ba da toshiya don a ba ka gurbin da wani ya fi ka cancanta. Ilmin da aka shiga da zalunci ba ya albarka. Idan kana aikin gwamnatin jiha, akwai hanyar da ma'aikata takan ɗauki nauyin likitanta, ta ci gaba da biyansa albashi yana horo a wani asibiti, bisa sharaɗin ya dawo ya yi mata aiki na wasu shekaru. In ka sa hannu a wannan takarda, ka sani alkawari kaya ne, kuɗin kuwa na talakawa ne, za a tambaye ka a kansu ranar gobe.

Tafiya Da Dawowa

A nan ne muka zo ga abin da Alhaji bai faɗa da baki ba, amma mun gan shi a fuskarsa, watau tsoron kada yaron ya tafi ke nan. Wannan tsoro yana da tushe. Mun ga da yawa sun ƙware sun zarce Saudiyya ko Ingila, wasu kuma sun maƙale a manyan birane, garinsu sai ranar Salla. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Aya ta 122 a cikin Suratut Tauba, wadda malamai suke kafa hujja da ita a kan fita neman ilmi, ta haɗa abu biyu ne, fitar wasu daga kowace jama'a, da kuma komowarsu ga mutanensu da abin da suka samo. Ayar a kan ilmin addini ta sauka, amma darasinta ya game. Ba mu ce haramun ne likita ya yi aiki a wata ƙasa ba, sai dai farillar kifayar da muka kafa hujja da ita don a bar shi ya tafi, ba ta faɗi a kan mutanen Kudan ba don ɗansu yana duba marasa lafiya a Jidda.

Dawowar kuma ba a wuyan yaro kaɗai take ba. Ku ma'aikatan gwamnati da takardun likitoci ke bi ta teburinku, kada ku riƙe takardar izinin karatu ko ta ƙarin girma sai an bi ku. In ƙwararre ya dawo, a ba shi gida mai ruwa da wuta da tsaro, da kayan aikin da zai yi abin da ya koyo. Ku kuma attajirai, kuna gina masallatai, Allah Ya saka muku, amma ku sani gina gidan likita a asibitin garinku, ko sayen injin wuta na ɗakin fiɗa, ko biya wa ɗan talaka kuɗin jarrabawa da na mota zuwa wurin ganawa, duk sadaka ce mai gudana. Ƙungiyoyin ci gaban gari su san 'ya'yansu da ke horo a nesa, su riƙa tuntuɓarsu, domin wanda aka riƙa tunawa da shi ya fi jin nauyin dawowa.

Abin da muka ce wa Alhaji a ƙarshe shi ne, "Alhaji, ba ka yi laifi ba don ka ji tsoro, kowane uba zai ji. Amma kana da 'ya'ya maza uku a gida, kai da mahaifiyarsa kuna da sauran ƙarfi, yaron kuma ya nuna tarbiyya tun da ya ƙi tafiya sai da izininka. Ka yi istihara, ka zaunar da mahaifiyarsa ka lallashe ta, sa'an nan ka kira shi a gaban 'yan'uwansa ya yi maka alkawarin inda zai yi aiki in ya gama, ka sa masa albarka." Ya yi shiru wani lokaci, sa'an nan ya tambaye mu ko ya halatta ya raka yaron da kansa zuwa wurin ganawar, don ya ga garin da idonsa. Muka ce masa ai wannan shi ya fi, gani ya kori ji.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa abin da 'ya'yanmu suke koyo ya amfani jama'a. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan bayanin cinikin salam da sharuɗɗansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.